Ta'aziyyar Mai Fiyano

Bahaushe ba ya rasa abin faɗa a gidan makoki. Tun kafin ya cire takalmi harshensa ya san hanya: a ɗaga hannu a yi addu'a, a shafa, sannan a shiga gaisuwa. Ya haƙuri? Ashe haka Allah ya yi ikonsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, halinsa na gari ya bi shi. Masu karɓar gaisuwa na amsawa da amin, har a zo kan addu'ar da ta juya daga kabari ta fuskanci masu rai: Allah ya albarkaci abin da ya bari. Magabata sun gama shirya mana waɗannan kalmomi, domin ranar da hankali ya tashi kada mutum ya tsaya laluben magana.

"Abin da ya bari" yawanci 'ya'ya ake nufi. Amma idan mamacin mai sana'a ne, ma'anar takan faɗaɗa. Malami ya bar almajirai da littattafai, magini ya bar soro, mawaƙi ya bar baitoci. Da Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, ba wanda ya sha wahalar nemo abin tunawa da shi. Direba a tasha, tela a bakin kasuwa, kowa da baitin da ya hau bakinsa, har ya zamana da maganar Shata aka yi makokin Shata. Haka aka yi wa Ɗanmaraya Jos a watan Yunin 2015. Wanda ya dame ni shi ne mutumin da ke zaune a bayan mawaƙi, wanda bai taɓa buɗe baki ba, duk abin da zai faɗa da yatsu ya faɗe shi. Shi me ya bari, kuma da wane harshe za a yi masa ta'aziyya?

Wani dattijo ne ya jefa ni cikin wannan tunani, a ɗaya daga cikin lambunan shaƙatawa na Wuse, inda ma'aikata kan yada zango bayan tashi daga ofis, ana gasa kifi, 'yan kiɗa na aikinsu a ƙarƙashin rumfa. Cikin watan Yulin 2012 ne, damina ta zauna, saura 'yan kwanaki a kama azumi. Dattijon shi ne mai fiyanon wurin. Mutumin Filato ne, Hausar Jos ce a bakinsa. A coci ya fara taɓa fiyano tun yana ɗan makaranta, ya yi yawon kiɗa a otal-otal na Kaduna da Kano, kafin Abuja ta jawo shi bayan gwamnati ta tare a 1991. Mun saba gaisawa. Ranar sai na tarar ya zabga tagumi tun ba a fara ba.

"Baba, lafiya kuwa?"

"Ɗana, rasuwa aka yi mini."

"Ayya! Wa aka rasa?"

"Malamina ne. A Landan."

Na ɗauka wani tsohon shugaban mawaƙan coci ne da ya koma Ingila. Ashe Bature ne mai suna Jon Lord, wanda ya rasu ranar 16 ga watan yana da shekara 71, bayan fama da ciwon daji. Baba bai taɓa ganinsa ido da ido ba, Lord kuwa ya bar duniya bai san yana da almajiri a Wuse ba. A faifan garmaho aka fara karatun, a ɗakin wani yayansa a Jos, a zamanin da samarin birane ke sauraron BLO da Ofege da MonoMono tare da ƙungiyoyin Ingila. Daga baya aka koma kaset: a saurari ɗan guntu, a tsayar, a zura biro a ramin kaset a mayar da zare baya don kada batir ya ƙare, a sake saurara, har yatsu su kama abin da kunne ya ji. "Duk abin da hannun nan nawa na dama ya iya," in ji shi, "a wurinsa na ɗauka. Ko sisi ban biya shi ba."

An haifi Jon Lord a birnin Leicester a 1941, ya tashi da karatun tsohon kiɗan Turai irin na su Bach, sannan a 1968 suka kafa Deep Purple, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da suka aza harsashin kiɗan rok mai nauyi. Abin kiɗansa ogan ne samfurin Hammond, wani ƙaton akwatin katako mai nauyin wajen kilo 200. Laurens Hammond ne ya fito da shi a Amurka a 1935, kuma coci-cocin da ba su da ƙarfin sayen babban ogan mai bututu suna cikin waɗanda suka fara rububinsa. A cikinsa akwai ƙananan faya-fayan ƙarfe masu haƙora da ke juyawa a gaban maganaɗisu, kowanne da sautin da yake haifarwa. Lord ya ɗauki wannan kayan ibada mai ladabi ya jona shi da amfilifayar Marshall da aka ƙera domin jita, ya ƙure ta, har muryar ta dushe ta koma gurnani mai iya karawa da jitar abokin aikinsa Ritchie Blackmore. Yaran da ke koyon jita ko'ina a duniya sukan fara da mabuɗin "Smoke on the Water" ta 1972, a ce na Blackmore ne, kuma nasa ne. Amma kaurin nan da ke girgiza ƙirji, ogan ɗin Lord ne yake bin jitar sau da ƙafa daga ƙasa. Mutane da yawa sun tsufa suna jin sa ba su san shi suke ji ba.

Kalmar da Baba ya zaɓa ta tsaya mini a rai. Bai ce wani Bature ya mutu ba, cewa ya yi an yi masa rasuwa. Mutuwa ta kowa ce: akuya na mutuwa, fitila na mutuwa, aure ma na mutuwa. Rasuwa kuwa 'yar ɗakin rashi ce, daga "rasa" ta fito, gurbin da aka bari a wurin masu rai take aunawa. Shi ya sa mutum kan ce an yi mana rashi ko da bai haɗa jini da mamacin ba. Shi ya sa kuma bambancin addini bai ɗaure mini harshe ba. Addu'ar gafara tana da hukuncinta, malamai sun yi bayani, amma haƙuri na mai rai ne, ba a tambayar addinin mutum kafin a ba shi. Na ce, "Allah ya ba da haƙuri, Baba." Ya ce, "Amin, ɗana, na gode." Daga nan magana ta tsaya cik, domin a wannan gaɓar ce ake shiga ba da shaida, a ce ka tuna inda ya ce kaza da kaza, Lord kuwa bai bar mana "ya ce" ba.

Da dare ya yi nisa mawaƙin wurin ya sauka shan ruwa, aka bar Baba ya riƙe fili. Tsohuwar Yamaha ce a gabansa, maɓalli ɗaya an ɗaure shi da salatif. Ya latsa wani wuri ya canza mata murya zuwa ta ogan, ya kafa hannun hagu a kan sautuka uku masu kauri ya ƙi ɗagawa. Na dama ya fara tafiya a hankali, yana taka maɓallan ɗaya bayan ɗaya, yana riƙe kowanne har sai ya fara rawar murya kafin ya sake shi. Can sai ya kwantar da tafin hannun gaba ɗaya ya share su daga ƙasa zuwa sama, kiɗan ya yi kururuwa ya faɗo. Bai sanar da kowa abin da yake yi ba. Mai gasa kifi na ta fifita garwashi, a teburin da ke kusa da ni ana gardamar kwangila, janareta na nasa a bayan katanga. Mawaƙin na dawowa ya karɓi makirfo, wani mai babbar riga ya taso ya fara yi masa liƙi.

Mai babbar riga bai yi laifi ba, abin da ya tarar ke nan. Harshenmu da kansa ya yi wannan rabo tun da daɗewa. Muna cewa Makaɗa Ibrahim Narambaɗa, Makaɗa Musa Ɗanƙwairo, Makaɗa Sa'idu Faru, alhali abin da ya ɗaukaka su fasahar baki ce: kirari, zuga, zambo, habaici, iya jera zance. Sunan na sana'ar hannu ne, amma mai jan waƙa ya gaje shi, aka bar masu riƙe da kotso da taushi da sunan yara ko 'yan amshi, ko da furfura ta cika musu kai. Dubi tsofaffin hotunan bidiyon Shata: yana tsaye hannu sake, kalangai na rataye a kafaɗun wasu. Waɗannan mutane su ke riƙe masa ƙasa. Sun san inda zai ja numfashi tun bai ja ba, su tare shi idan ya yi nisa, su matse tsarkiya su sassauta har fata ta maimaita abin da ya faɗa. A ce wa masoyin Shata ya kawo baiti hamsin, zai kawo ba gargada. A ce ya kawo sunan makaɗansa uku, sai ya fara sosa ƙeya. Karin maganar da muke ji da ita ma ta ɗauki ɓangare: waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Wadda masu kiɗa kan faɗa a tsakaninsu bayan an gama rabon kuɗin biki daban ce: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Waɗanda suka tsira su ne waɗanda suka haɗa baki da hannu a jiki ɗaya, irin su Ɗanmaraya da kuntiginsa, Haruna Uji da gurmi, Garba Supa da kukuma. Su ma idan aka bincika da baitocinsu ake tuna su, kayan kiɗan ya zama laƙabi. Turawa ba su fi mu ba a nan. Har gobe masu yawon buɗe ido na tururuwa kabarin Jim Morrison, mawaƙin The Doors, a birnin Paris, tun rasuwarsa a 1971. Ray Manzarek kuwa, wanda ya riƙe ƙungiyar da hannu biyu, na dama a kan ogan, na hagu yana cike gurbin mai jitar bes da ba su da shi a dandamali, da ya rasu a Jamus a 2013 masu sana'ar ne suka fi jin zafin. Cikin sauran masu taɓa irin waɗannan maɓallai, Richard Wright na Pink Floyd ya tafi a 2008, Keith Emerson a 2016, William Onyeabor namu na Inugu a farkon 2017.

Shigowar fiyano ƙasar Hausa ƙara ɓoye makaɗi ta yi. Tun daga fim ɗin Turmin Danya a 1990 finafinan Hausa suka shiga neman kiɗan da zai raka su, kafin shekarun su ƙare ƙananan situdiyoyin Kano sun cika da Casio da Yamaha. Lokacin da fim ɗin Sangaya ya karaɗe gari a 1999 kunnen matasa ya riga ya koma can. Akwati ɗaya ya haɗiye ƙungiya guda: akwai ganga a ciki, akwai sarewa, akwai abin da ya yi kama da goge, mutum ɗaya a ɗaki mai labule ya wadatar. Muka raɗa wa kowace irin na'ura mai fararen maɓallai da baƙaƙe suna ɗaya, fiyano, muka kira zamanin gaba ɗaya da sunanta, waƙoƙin fiyano. Har sha'irai masu bege suka ɗauka, aka yi ta muhawara a kan dacewar hakan. Na'ura ta yi suna, mai taɓa ta bai yi ba.

Makaɗin Shata aƙalla ana ganinsa a fili yana gumi, wata rana ma a manna masa wani abu a goshi. Mai kiɗan situdiyo tun ranar ɗauka aka biya shi kuɗin aikinsa, aka rufe littafi. Waƙar za ta shekara goma ana cashewa da ita a gidajen biki daga Kano har Maraɗi da zangon Kumasi, shi yana can yana jiran wani aikin. Je wurin masu tura waƙa a waya a kasuwar Wuse ko Banex ka saurari yadda ake ciniki: a sa mini Nura M. Inuwa, a ƙara da Umar M. Shareef, akwai sabuwar Hamisu Breaker? Gaskiya wasu mawaƙan na da kirkin ambaton mai kiɗansu a ƙarshen waƙa. Sai dai a daidai wurin ne ake katsewa a sa ta gaba.

Nijar tana da labarin da ya nuna yadda aikin irin waɗannan mutane kan cika gari ya kuma kusa ɓacewa a lokaci guda. Mamman Sani ya samo ogan ƙirar Italiya samfurin Orla a shekarun 1970, ya zauna yana fitar da karin waƙoƙin gargajiyar ƙasarsa a kai, yatsu ne ke jan zancen. A 1978 ya naɗi kaset a gidan rediyon ƙasa da ke Yamai, kwafi kaɗan aka buga. Rediyo da talabijin suka mayar da kiɗan abin cike gurbi tsakanin shiri da shiri, yara suka tashi da shi a kunne har suka haifi nasu. Kiɗan ya zama na kowa, kaset ɗin kuwa ya ɓace daga kasuwa, sai wanda ya kwanta a ma'ajiya. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi a faifai, aka fara gayyatar Mamman Sani Turai. Shi ya taki sa'a, an ba da shaidarsa yana ji da kunnensa.

A nan Wuse akwai titin da ke nuna ƙasar nan ta iya girmama hannu idan ta ga dama, wato titin Ladi Kwali a shiyya ta 4. Ita ma ba da baki ta yi suna ba. Maginiyar tukwane ce 'yar Gbagyi daga Kwali, ta shiga cibiyar ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, a 1954, ta rasu a 1984, ga hotonta nan a bayan takardar naira 20 tana kan aikinta. Sai dai ita yumɓu ya yi mata rana. Abin da yatsunta suka faɗa ya bushe, an gasa shi, yana nan a gidajen tarihi ana zagaya shi ana kallo. Aikin makaɗi kafin ya ɗaga yatsa ya wuce. Wuri biyu kawai yake iya fakewa, a faifai ko a hannun wani, kuma na biyun ya fi wuya.

Lord da kansa ya ɗanɗana wannan. Ranar 24 ga Satumban 1969 ya haɗa Deep Purple da babbar ƙungiyar makaɗa ta Royal Philharmonic a zauren Royal Albert Hall na Landan, suka gabatar da wani dogon kiɗa da ya tsara. Ba a daɗe ba takardun da aka rubuta kiɗan a kai suka ɓace. Kusan shekara 30 ba mai iya maimaita shi, har wani mutumin Holan, Marco de Goeij, ya zauna da faifan da hoton bidiyon, yana saurare yana kallon hannuwan makaɗa, ya sake rubuta shi sauti bayan sauti. A 1999 aka sake kaɗa shi a wannan zaure, Lord na zaune a gaban ogan ɗinsa.

Malam Maman Barka na Nijar ya yi irin wannan aiki ta fuskar da ta fi kusa da mu. Malamin makaranta ne da ya yi suna da gurumi. Da ya ga biram, abin kiɗa mai tsarkiya biyar na masuntan Buduma a Tafkin Chadi, na shirin bin tsohon gwaninsa Bukar Tar zuwa kabari, sai ya tafi ya durƙusa a gabansa ya koya, a farkon shekarun 2000. Tsohon ya rasu, biram ya saura. Da shi Barka ya rasu a Yamai a watan Nuwamban 2018, tambayar da ta cancanci biyo bayan addu'a ita ce: wa ya karɓa daga hannunsa?

To ashe harshen da nake nema muna da shi tun tuni, sunansa take. Sarki na da takensa, ɗan dambe na da nasa, haka maharbi da mahauci da sarkin noma. Makaɗi zai kaɗa, ba a ambaci sunan kowa ba, amma mai taken yana can cikin taro tsigar jikinsa ta tashi, ya san da shi ake. Idan mai taken ya daɗe da rasuwa aka kaɗa, jikokinsa ne za su miƙe. Wannan shaida ce da ba ta bi ta baki ba, kuma makaɗa ne suka ƙirƙiro ta, suka ƙare rayuwarsu suna kiran sunayen mutane da ita. Abin da Baba ya yi a lambun nan, taken malaminsa ya kaɗa. Salon riƙe sauti, da gurnanin, da sharar tafin hannu, duk wanda ya san Lord zai ce ga shi nan. Matsalar ɗaya ce: take sai da masani. Idan ba wanda ya san mai shi a wurin, kiɗa ne kawai ake cin kifi da shi.

Wannan sanin kuwa ba ya samuwa ranar makoki, tun mutum na raye ake tara shi. Masananmu sun yi aiki babba wajen taskace waƙoƙin baka, kuma Makaɗa da Mawaƙan Hausa na Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na cikin littattafan da ɗalibi ba ya tsallakewa. Amma takarda baiti ta fi iya riƙewa, abin da kalangu ya ce a tsakanin baitocin yakan zube a hanya. Saura aikin namu ne, kuma ba mai tsada ba ne. Mai gabatar da shiri a rediyo ya faɗi wanda ya yi kiɗa kamar yadda yake faɗin wanda ya rera. Mawaƙin da ya ɗora waƙarsa a YouTube ya rubuta sunan mai fiyanonsa a inda ido zai gani. Mai liƙi ya ƙara taku biyu ya wuce makirfo. Ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta kundin digiri a kai a Bayero ko Zariya ko Sakkwato ya ɗauki na'urar naɗar murya ya shiga situdiyoyin Kano.

Samarin da suka fara taɓa Yamaha a shekarun 1990 yanzu furfura ta fara fito musu. Da yawansu suna nan da ransu, suna da waya, suna tune da wace waƙa suka yi wa kiɗa, da muryar da suka zaɓa a na'ura, da nawa aka biya su, da wanda ya koya musu. Hirar yini guda da ɗayansu yau ta fi duk maƙalar da za a rubuta a kansa bayan sadakar uku, har da irin wannan tawa.